Ra'ayinmu: Bayan An Jingine Keke

Idan mai doguwar tafiya a keke ya iso gida, an san yadda ranar take kasancewa. Matasan unguwa su tarye shi tun daga bakin gari da babura, ana ta ɗaukar hoto da waya. 'Yan jarida su tambaye shi kilomita nawa ya ci, sau nawa ya yi faci, ina ya fi shan wuya. In ya taki sa'a, a kai shi fada ko gidan gwamnati a yi masa kyauta. Kwana biyu ko uku gida ya cika da masu sannu da zuwa. Daga nan taro ya watse, kowa ya kama gabansa. Keken da ya ratsa ƙasa da ƙasa a jingine shi a zaure, ƙura ta fara hawa sirdi, iskar taya ta fara sacewa. Abin da ke samun mai keken daga wannan rana ba kasafai yake shiga labarai ba, kuma a kansa muke son tsayawa yau.

Irin wannan tafiya ta daɗe a duniya. Thomas Stevens, haifaffen Ingila, ya bar San Francisco a Afrilun 1884 a kan keke mai ƙatuwar tayar gaba, ya kammala zagayensa na duniya a Yokohama ta Japan a Disambar 1886. A nahiyarmu, Riaan Manser na Afirka ta Kudu ya bi gaɓar teku ya zagaye Afirka tsakanin 2003 da 2005, ya ratsa ƙasashe 34. A 2023 Mamadou Safayou Barry ya taso daga Gini yana nufin Jami'ar Azhar, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 har Chadi, inda masu taimako suka saya masa tikitin jirgi zuwa Alƙahira. A nan gida ma an ga mutumin Jos da ya bar garinsu a 2021 ya isa Saudiyya a ƙarshen 2022, an kuma ga samarin da ke taka keke daga jiha zuwa jiha don taya ɗan siyasa murna ko gaida wani mawaƙi. Dalilai sun bambanta: wani ibada ta fitar da shi, wani neman ilimi, wani neman suna, wani kuma son ganin duniya kawai. Amma kowanensu, in Allah ya ba shi tsawon kwana, wata rana zai sauko daga sirdi.

A nan ne ake samun saɓani tsakanin wanda ya dawo da waɗanda ya dawo ya tarar. Shi yana ganin ba a fahimce shi ba, su suna ganin ya ƙi saukowa ya ɗauki kayansa. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara, don haka bari mu fara da matafiyin.

A hanya, rayuwa takan taƙaita ga tambayoyi kaɗan: ina ruwa, ina abinci, ina makwanci, wace hanya ce ta ɓulle. Mutum ya tashi da asuba, ya naɗe tanti, ya ɗaure kaya a kariya, ya danna taya da babban yatsa ya ji ko da iska, ya hau. Duk abin da ya mallaka bai wuce jaka uku ko huɗu ba, kuma ko a duhu ya san aljihun da allura take. In rana ta faɗi yana iya buɗe taswira ya ɗora yatsa ya ce ga inda na kwana jiya, ga inda nake yau. Gumin da ya zubar yana ganinsa a ƙasa, ana iya auna shi da kilomita. A gida kuwa mutum na iya wuni yana kai da kawo tsakanin ofis da banki da kasuwa, magariba ta yi bai iya nuna abu ɗaya da ya kammala ba. Wanda ya yi wata goma kullum yana kwana a sabon wuri, idan ya farka rana ta ashirin a jere ya ga rufin ɗaki ɗaya, ba mamaki ya ji kamar an ɗaure shi a turke.

Jiki ma yana da nasa ƙorafin. Mai taka feda awa shida ko bakwai a kullum yana buƙatar abincin da ya kai ninkin na mai zaman ofis. Ranar da ya daina, ciki ba ya samun labari da wuri, sai ya ci gaba da neman kwano biyu alhali ƙafa ta huta, ƙiba ta biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, mai doguwar tafiya kuwa yana cika wannan a wuni ɗaya. Wani bincike da Edward Coyle da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1984 ya nuna cewa 'yan wasan da suka daina atisaye sun rasa kashi 7 cikin 100 na ƙarfin amfani da iskar oksijin cikin mako uku, ragin ya kai kashi 16 cikin wata biyu. Wasu suna dawowa da ƙaramin yatsa da na kusa da shi a sandare, saboda dogon dannar jijiya a hannun keke, abin da kan ɗauki makonni kafin ya saki. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa motsa jiki na kullum yana daidaita barci da walwala, yanke shi farat ɗaya kan jawo ƙunci da saurin fushi. Saboda haka idan aka ga wanda ya dawo yana juyi a shimfiɗa har tsakar dare, ko yana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, akwai yiwuwar jikinsa ne ke magana.

Abu na uku ya fi waɗannan nauyi. A hanya shi baƙo ne, baƙo kuwa abin kallo ne. Duk ƙauyen da ya tsaya yara su kewaye shi, dattawa su tambayi daga ina zuwa ina, a kawo masa ruwa, a yi mamakinsa. A gida shi ɗan wane ne, ƙanen wane, wanda aka san ƙuruciyarsa. Abokinsa zai tare shi a bakin masallaci ya ce, "Malam, sannu da zuwa, ya hanya?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Kafin ya haɗa kalmar da zai fara ba da labarin daren da ya kwana a hamada ba ruwa, hira ta koma kan tsadar taki ko wasan ƙwallon jiya. Ba wanda ya yi masa laifi, haka gaisuwa take. Amma shi yana ɗauke da shekara guda a ƙirji, wurin da aka ba shi ya sauke ta kuwa bai wuce minti biyu ba. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, John da Jeanne Gullahorn, da suka yi nazarin malamai da ɗaliban da suka je ƙasashen waje, sun nuna cewa baƙuntar da mutum ke ji idan ya sauka a wata ƙasa takan sake kama shi idan ya koma tasa. Ta biyun takan zo da ba-zata, domin mai zuwa baƙon wuri ya shirya ganin baƙon abu, mai komawa gida kuwa yana zaton zai tarar da komai yadda ya bar shi, har da kansa.

Manyan wannan fage ma ba su tsira ba. Alastair Humphreys ya bar Ingila a 2001 ya dawo a 2005, bayan ya taka kusan kilomita 74,000 a ƙasashe 60, kuma ya rubuta ba tare da ɓoye-ɓoye ba irin fama da ya yi wajen daidaita son yawo da zaman iyali. Heinz Stücke na Jamus ya bar garinsu Hövelhof a 1962 yana ɗan shekara 22, bai koma da zama ba sai bayan fiye da shekara 50, ya wuce kilomita 600,000 a kan keke. Ya fita saurayi, ya dawo tsoho ya zauna yana jera dubban hotunan da ya ɗauka. Ko a fagen da ba na keke ba, Buzz Aldrin da ya taka duniyar wata a 1969 ya faɗi da bakinsa cewa ciwon damuwa ya kama shi bayan ya sauko. Hujjar wannan ɓangare ke nan: wanda ya yi babban abu ya gama, akwai ramin da ke jiransa, kuma ba sangarta ba ce. Yana buƙatar lokaci da kunnen da zai saurare shi.

To amma akwai waɗanda suka zauna, kuma maganarsu ba ta fiye samun makirufo ba. Abu na farko da za su ce shi ne, tafiyar nan zaɓi ce. Ba yaƙi ya kore shi ba, ba yunwa ba. Shi ya ga dama ya ɗaura kaya, aka yi masa addu'a ya tafi. Wahalar da ya sha a hanya wahala ce da ya saya da kuɗinsa, kuma ya samu ladanta tun a duniya: suna, hotuna, mabiya a Facebook, labarin da zai riƙa bayarwa har tsufa. Wahalar da aka sha a gida kuwa ba wanda ya zaɓe ta, ba kuma wanda ya ɗauke ta hoto.

A duba matar da aka bari da yara. Ita ta san yadda aka yi aka biya kuɗin makaranta zango uku, ita ta yi ta ba mai gidan haya haƙuri, ita ta kwana a asibiti da ƙaramin lokacin da zazzaɓi ya kama shi. An yi rasuwa a dangin miji, ita ta je ta zauna kwana bakwai a madadinsa tana amsa tambayar "ina Malam ya kai yanzu?" Duk daren da wayarsa ta ƙi shiga, ita da mahaifiyarsa ne ba su runtsa ba. Yau ya dawo, ta yi girki na musamman, ta yi kwalliya, tana ƙirga kwanakin da za ta sauke kayan da ta ɗauka ita kaɗai. Mako na uku ta same shi a zaure yana goge sarƙar keke ta ce, "Maigida, buhun nan ya kusa ƙarewa." Ya ɗago kai ya ce ta bari ya huta tukuna, hankalinsa bai dawo ba. Duk wanda ya ce wannan mata ba ta da haƙƙin jin zafi, bai yi adalci ba. Tarihi ya riƙe sunan Annie Londonderry, wadda ta bar Boston a Yunin 1894 ta dawo a Satumbar 1895 a matsayin mace ta farko da ta zagaya duniya da keke. Ta bar miji da 'ya'ya uku ƙanana. Wani ne ya yi musu wanka ya ciyar da su wata goma sha biyar, kuma ba a yi masa biki ba.

Sannan gida ba ya tsayawa ya jira kowa. Ɗan Najeriyar da ya fita a farkon 2023 ya bar litar fetur a ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati, dala ɗaya kuma a wajen naira 460 a banki. Da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun shekarar, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Wanda ya dawo a wannan lokaci ya tarar da ɗan abin da ya ajiye ya narke, gurbin aikinsa wataƙila an ba wani, abokan cinikinsa sun koma wani shago. Iyalin da suka ratsa wannan shekara su ma sun yi doguwar tafiya, ko da ba su bar ƙofar gida ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da mutanen gida ke kuka da ita, wato raini. Wasu masu dawowa sukan riƙa yi wa zaman gari kallon barci. Kowace hira sai ta koma kan "lokacin da nake Sudan", kowane ƙorafi na maƙwabci sai a ce ai bai ga wahala ba. Wannan yana manta abu mai sauƙi. Matar da ta miƙo masa fura a wani ƙauye, mai facin da ya gyara masa taya ya ƙi karɓar kuɗi, limamin da ya buɗe masa masallaci ya kwana, dukansu mutane ne da suka zauna a gida. Sun yi noma, sun haƙa rijiya, sun riƙe gari, shi ya sa da ya iso ya samu abin da zai ci. Da kowa ya hau keke ya kama hanya, da ba wanda zai tarbi kowa. Matafiyin da ya ci alherin mazauna na wata goma, ya dawo yana raina zaman mutanensa, ya ɓatar da mafi girman darasin tafiyarsa.

Haɗari na ƙarshe shi ne mayar da tafiya maɓoya. Mutane sukan tambayi wanda ya dawo, "Yanzu kuma sai ina?" Tambayar tana da daɗin ji, domin tana mayar masa da rigar gwarzo. Sai ya buɗe taswira tun kafin ya biya bashin tafiyar farko. 'Yan Najeriya sun san labarin Olabisi Ajala, wanda a 1952 ya taka keke daga Chicago zuwa Los Angeles cikin kwana 28, daga baya ya zagaya ƙasashe a kan babur, ya gana da shugabanni irin su Nehru na Indiya da Jamal Abdul Nasir na Masar, ya wallafa littafin tafiyarsa a 1963. Sunansa ya zama karin magana a ƙasar Yarabawa ga duk mai yawan yawo, mawaƙa suka wasa shi. Ya rasu a Legas a Fabrairun 1999 cikin rashin lafiya da rashin abin hannu. Ba mu kawo wannan don mu yanke masa hukunci ba, Allah ne ya san rabon kowa. Mun kawo shi ne don a ga cewa tafin jama'a ba ya zama jari.

Idan aka ɗora hujjojin nan a ma'auni, za a ga ba su ci karo da juna ba kamar yadda masu su ke zato. Gaskiya ne mai dawowa yana cikin wani hali da ba shi ya ƙirƙira ba. Gaskiya ne kuma haƙƙoƙin da ke kansa ba su san da wannan hali ba. Abin tambaya shi ne wanne ake gabatarwa, wanne kuma ake yi wa jinkiri.

Al'ummarmu ba baƙuwar wannan tambaya ba ce. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, wani lokaci har shekara. Mahajjatan da suka bi ƙasa ta Chadi da Sudan sukan yi shekaru, da yawa ma ba su dawo ba, zuriyarsu ce ke zaune a garuruwa irin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Har gobe 'yan ci-rani suna fita bayan kaka su dawo da saukar ruwan farko. Dukansu sun san dawowa tana da ladubba. Akwai tsaraba, wadda komai ƙanƙantarta tana cewa ban manta da ku ba. Akwai zagayen gaisuwa, inda wanda ya dawo zai bi gida-gida ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu a bayansa, ya yi barkar waɗanda aka haifa, ya ji labarin gari kafin ya ba da nasa. Ɗan ci-rani kuma bai cika kwana uku da dawowa ba zai saɓa fartanya, domin damina ba ta jira. Bambancin shi ne falke ya tafi cikin ayari ya dawo cikin ayari, yana da abokan da suka ga abin da ya gani. Mai keken zamani yakan tafi shi kaɗai ya dawo shi kaɗai, ba madugu, ba abokin zango. Wannan ya sa kaɗaicinsa ya fi nasu tsanani, kuma dole a sa shi a lissafi.

Addini ma ya shimfiɗa tsari. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ba ya faɗo wa iyalinsa da dare idan ya dawo daga tafiya, yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu, ya zauna mutane su zo su gaishe shi, kuma ya kwaɗaitar da matafiyi ya gaggauta komawa ga iyalinsa da zarar ya biya buƙatarsa. A fiƙihu akwai wani misali da muke ganin ya dace da wannan batu. An yi wa matafiyi rangwame: ya yi kasaru, ya ajiye azumi in ya so. Ranar da ya shigo garinsu kasaru ta ƙare, azahar ta koma raka'a huɗu, ba a ce ya bari sai ya huta ba. Ramuwar azumi kuwa an ba shi sarari har zuwa Ramadan mai zuwa. Wato akwai abin da ke komawa kansa nan take, akwai abin da ake bi a hankali.

Da wannan ma'auni muke ganin ya kamata a raba gardamar. Ciyar da iyali, gaida iyaye, biyan bashin da aka ci dominsa, karɓar ɗawainiyar yara daga hannun wadda ta ɗauke ta ita kaɗai, waɗannan ba sa jiran hankali ya dawo. Suna kan mai keken tun daga ranar da ya tsallaka dokin ƙofa. Amma walwala, yawan hira, jin daɗin taron biki, barci mai nauyi, waɗannan ba a tilasta su. Iyalin da suka ga ɗansu ya yi shiru, ya fi son zama shi kaɗai, ko yana fita da keke bayan asuba ya yi awa biyu, kada su ɗauka girman kai ne ko ƙiyayya. Kuskure ne a riƙa yi masa gori da cewa wa ya aike ka, ko a mayar da shi abin zolaya a majalisa. Ya fi kyau wani daga cikin yayyensa ko aminansa ya keɓe masa yamma guda ya ce ya ba shi labarin tun daga farko, ya kuma saurara har ƙarshe. Idan ƙuncin ya zarce mako biyu a jere, ya hana shi ci ko barci ko aiki, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, to ya wuce gajiyar hanya, sai a haɗa da likita. Haka nan wanda ya dawo da zazzaɓi ya je asibiti ya faɗi ƙasashen da ya ratsa.

Jama'a da masu mulki ma suna da nasu kason. Mun saba yi wa ranar isowa biki, mu manta da wata na uku. Kyautar da ake miƙawa gaban kyamara takan ƙare kafin hoton ya gama yawo a waya, kuma ita ce ke koya wa wasu matasa cewa hanya mafi kusa zuwa arziki ita ce a taka keke zuwa ƙofar mai mulki. Wanda ke son karrama irin wannan ƙoƙari da gaske, ya duba abin da zai ɗore. Mutumin da ya gyara kekensa a tsakiyar daji da waya da tsumma, ya yi ciniki da harsuna uku ko huɗu, ya ratsa iyakoki da takardunsa, ya san wani abu da ba a koyarwa a aji. Jarin buɗe shagon gyaran keke, gurbin koyar da yara a ƙungiyar wasanni, ko taimakon buga labarin tafiyarsa da Hausa, kowanne ya fi ambulan amfani. Mu 'yan jarida ma ba mu kuɓuta ba, domin mukan tambayi kilomita nawa, ba mu cika komawa bayan wata shida mu tambayi yaya gida ba.

Ga mai niyyar fita kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dawowa ma tafiya ce mai buƙatar guzuri. Kafin ya sayi tayar safaya, ya ware kuɗin da za su riƙe gida yana nesa, da na aƙalla wata uku bayan ya dawo, kada ya taɓa su a hanya. Ya yi magana da wurin aikinsa ko abokan sana'arsa a san matsayinsa. Ya nemi yardar iyaye da ta matarsa, yarda ta gaskiya, wadda za su iya hanawa. Ya sa ranar dawowa ya kuma cika ta. In ya iso, kada ya rataye keken gaba ɗaya, ya riƙa zuwa aiki da shi, ya riƙa kai ziyara ƙauyukan kusa. Humphreys da muka ambata da wannan ya samu mafita: ƙananan fita na kwana ɗaya a kusa da gida, har ya yi littafi a kansu a 2014. Mai dawowa kuma ya rubuta abin da ya gani tun bai dushe ba. Sannan ya tuna da duk ƙofar da aka buɗe masa a ƙasar da ba a san sunansa ba, ya buɗe tasa ga baƙon da ya ratso garinsu.

Ra'ayinmu shi ne, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya ratsa ƙasashe da ƙarfin ƙafarsa ya cancanci girmamawa da uzuri. Amma idan haƙƙinsa da na gida suka haɗu a ƙofa ɗaya, na gida ne ke fara shiga. Iyali su ba shi lokaci a kan abin da ya shafi zuciyarsa, shi kuma kada ya nemi lokaci a kan abin da ya shafi tukunyarsu. Jama'a su dakata da yanke hukunci a ranar tarba, su jira wata shida. In an tarar da shi yana neman na kansa, iyalinsa sun samu sauƙi, maƙwabta suna amfana da abin da ya koyo, to tafiyarsa ta kammala, a yi masa barka da zuwa.